Yadda Ake Tantance Iƙirarin Cewa Ƙagaggen Labarin Kimiyya Ya Hango Wata Ƙirƙira

A zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da na ma'aikata a Kaduna, da wuya wata ya wuce ba a turo hoton shafin wani tsohon littafi ko guntun wani fim ba, tare da bayanin cewa marubucin ya faɗi zuwan wayar salula, ko annobar korona, ko jirgi maras matuƙi, shekaru da dama kafin abin ya bayyana. Masu karɓar saƙon kan rabu biyu: wasu su ce Turawa sun daɗe da ƙulla komai a ɓoye suna sanar da shi ta cikin fina-finai, wasu kuma su yi tsaki su ce duk shirme ne. Duka ɓangarorin sun yi gaggawar yanke hukunci. Sanin gaibu sai Allah, kuma babu marubucin da aka yaye wa labulen gobe, amma akwai dangantaka ta haƙiƙa tsakanin ƙagaggun labaran kimiyya da abin da masana ke ƙerawa, kuma mutum na iya bin sawunta da kansa idan yana da waya da data da ɗan haƙuri.

Fara da tabbatar da cewa labarin na kimiyya ne. Dardumar da ke tashi sama da zoben da ake murzawa aljani ya fito na cikin hikaya, domin mai ba da labarin bai yi da'awar cewa wata dabara da ɗan'adam zai iya koyo ce ke tafiyar da su ba. Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda ya jingina abin mamakinsa ga inji ko lissafi ko wata halitta da hankali zai iya bincika. Muna da namu a Hausa tun da daɗewa: a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai wani yaro yawo sararin samaniya. Idan abin da aka turo maka tsafi ne ke aiki a cikinsa, to babu abin da za a gwada da kimiyya, sai ka bar shi a matsayinsa na nishaɗi.

Daga nan sai ka nemi shekarar bugu na farko, kuma ka lura da kyau cewa bugu na farko nake nufi, domin a nan ne yawancin iƙirarin ke rushewa. A farkon 2020 an yi ta yaɗa shafin wani littafi na marubucin Amurka Dean Koontz mai suna The Eyes of Darkness, an ja layi a ƙarƙashin sunan wata ƙwayar cuta, Wuhan-400, aka ce tun 1981 aka san za a yi korona. Littafin kuwa a 1981 ya fito, amma a wancan bugun sunan ƙwayar Gorki-400 ne, wato an danganta ta da wani birni na Tarayyar Sobiyet. Sai a bugun 1989, lokacin da yaƙin cacar baka ke ƙarewa, aka mayar da ita ƙasar Sin. Hanyar gano irin wannan ba ta da wuya: ka rubuta sunan littafin da na marubucin a Google, ka duba tarihin bugunsa, idan kuma hoto ne ko guntun bidiyo ka sa shi a Google Lens ka ga ranar da ya fara bayyana a intanet. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin na Jules Verne da H. G. Wells, suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, don haka babu dalilin dogara da hoton da wani ya yanko.

Kada ka tsaya kan layin da aka ja wa jan biro. Karanta shafin gaba ɗaya da na bayansa. Ƙwayar da ke cikin littafin Koontz makami ce da aka haɗa da gangan, tana kashe duk wanda ta kama ba tare da togiya ba, kuma cikin sa'o'i kaɗan take bayyana a jiki. Korona kuwa mafi yawan waɗanda suka kamu da ita sun warke, kuma takan ɗauki kwanaki kafin alamunta su fito. Abin da ya rage na kamanni shi ne sunan gari kawai.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin: ka binciki abin da masana suka riga suka sani, ko suke kan gwadawa, a shekarar da aka rubuta labarin. Mutane da yawa na cewa Jules Verne, marubucin Faransa, shi ne ya hango jirgin ƙarƙashin teku a littafinsa na 1870 mai ɗauke da jirgin nan Nautilus. Alhali tun 1800 wani injiniya Ba'amurke, Robert Fulton, ya gwada jirgi mai nutso a Faransa, kuma sunan jirgin nasa Nautilus. A 1863 sojojin ruwan Faransa suka saki nasu mai suna Plongeur, aka kuma baje samfurinsa a babban bikin baje koli na Faris a 1867. Verne mutum ne mai yawan karatu da tattara bayanai, ya ɗauki abin da ke hannun injiniyoyin zamaninsa ya faɗaɗa shi, ya ba shi wutar lantarki da girma da nisan zango. Wannan basira ce babba, amma irin ta mai lura ce, wanda ya san cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka abin yake ga fim ɗin Contagion na 2011 da jama'a suka koma kallo lokacin kullen korona: masu shirya shi sun nemi shawarar masana cututtuka masu yaɗuwa, kuma sun gina labarin a kan abubuwan da suka riga suka faru, wato cutar Nipah da ta tashi daga jemage zuwa alade zuwa mutum a Malesiya a 1998, da cutar SARS da ta ɓulla a Sin a 2002. Haka kuma idan aka nuna maka jirgi maras matuƙi a fim ɗin shekarun 1980 aka ce ga Tsaigumi, jirgin da rundunar sojin sama ta ƙaddamar a nan Kaduna a 2018, sai ka tuna cewa Nikola Tesla ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa daga nesa da rediyo tun 1898, kuma sojojin Birtaniya na amfani da jiragen sama marasa matuƙa wajen koyon harbi tun shekarun 1930.

Bayan ka san abin da ke ƙasa a lokacin, sai ka raba iƙirarin gida biyu: abin da na'urar ke yi, da yadda take yin sa. Marubuta sun fi dacewa a na farko, sun fi kuskure a na biyu, kuma babu misalin da ya fi nuna haka kamar littafin Verne na 1865 kan tafiya daga duniya zuwa wata. Kamannin da ke tsakaninsa da tafiyar Apollo 11 ta 1969, wadda ta fara sauke mutum a kan wata, na da ban mamaki: mutum uku ne a cikin kumbon, daga jihar Fulorida ta Amurka aka harba su, kuma a littafi na biyu da ya ci gaba da labarin sun faɗo ne a tekun Fasifik, jirgin ruwan Amurka ya tsamo su. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalili. Verne ya bayyana a cikin littafin cewa wurin harbin dole ya kasance kusa da tsakiyar duniya, tsakanin layin Ikwaita da digiri 28, wanda a Amurka ya bar Fulorida da Tekzas kawai, kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ita ma kusanci da Ikwaita da buɗaɗɗen teku ta gabas ne suka kai ta can. Bukatar kusanci da Ikwaita ce ta kai su biyun wuri ɗaya. Saurin da ya ba kumbon, kimanin kilomita 11 a daƙiƙa, shi ne saurin kuɓuta daga jan duniya, kuma masana lissafi sun san shi tun kafin a haife shi. Inda ya kauce shi ne hanyar tashin: wata ƙatuwar igwa ya sa aka haƙa a ƙasa mai tsawon ƙafa 900, wato kusan mita 274. Ɗalibin aji biyar na sakandare da ya yi fiziks zai iya gwada wannan a bayan littafinsa: ya mayar da saurin zuwa mita, ya ninka shi da kansa, ya raba da ninki biyu na tsawon igwar, sannan ya sake rabawa da 10, wato kimanin ƙarfin jan duniya, zai ga cewa matafiyan za su ji nauyin jikinsu ya ƙaru fiye da sau 20,000 cikin ƙiftawar ido, abin da babu ƙashi ko tsokar da za ta jure. Roka, wadda ke ƙara sauri a hankali cikin mintuna, ita ce ta warware matsalar. Ina ba malaman kimiyya na makarantunmu shawarar su riƙa ba ɗalibai wannan lissafi, domin yaro zai fi riƙe dokar motsi idan da ita ya kama shahararren marubuci da kuskure.

Ka kuma tabbatar cewa abin da aka kira labari ba maƙalar ilimi ba ce. Ana yawan cewa Arthur C. Clarke, marubucin Ingila, ya hango tauraron ɗan'adam na sadarwa a cikin ƙagaggun labaransa. Abin da ya shahara da shi a wannan fanni maƙala ce ta fasaha da ya buga a mujallar Wireless World a watan Oktoba na 1945, inda ya nuna da lissafi cewa tauraron da aka ajiye a nisan kusan kilomita 36,000 saman Ikwaita zai zagaya duniya cikin kwana ɗaya daidai, don haka zai zama kamar a tsaye yake ga wanda ke ƙasa, kuma uku daga cikinsu sun isa su game kusan duk duniya da sadarwa. Ana iya ganin sakamakon wannan lissafi a kan kowane rufi daga Kawo zuwa Barnawa. Mai ɗaura dish zai hau tsani da sifana a aljihun baya, ya riƙa karkata kwanon kaɗan-kaɗan, wani yaro a falo yana kallon talabijin yana ɗaga murya ta taga cewa sigina ta hau ko ta sauka, da zarar ta cika sai ya ɗaure notuna tamau ya sauko, kuma kwanon ba zai sake bukatar juyi ba sai in iskar farkon damina ta gusar da shi. Ba a juya shi ne saboda tauraron da yake kallo ba ya barin wurinsa. Tauraron Syncom 3 ne ya fara zama a wannan falaki a 1964, kuma a can ne tauraron Najeriya NigComSat-1R da aka harba daga Sin a 2011 ya sami mazauni. Duk da haka Clarke ya zaci tashoshin za su kasance da ma'aikata a ciki masu kula da kayan aiki, saboda na'urorin rediyo na lokacin da ƙwayayen gilashi masu yawan ƙonewa suke aiki, kuma sai a 1947 aka ƙirƙiro tiransisto, 'yar na'urar da ta maye gurbinsu.

Yanzu sai ka juya tambayar: shin wanda ya ƙera abin ya karanta labarin? Idan amsar e ce, to labarin na cikin dalilan da suka haifar da ƙirƙirar, kuma kiransa hasashe rage masa daraja ne. Robert Goddard, wanda ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa a 1926, yana matashi ya karanta labarin Wells na 1898 kan mamayar halittun duniyar Mars, kuma daga baya ya rubuta wa Wells wasiƙa yana shaida masa tasirin da littafin ya yi a kansa. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha, wanda ya fitar da lissafin tafiyar roka a 1903, ya ce Verne ne ya dasa masa tunanin. Neil Armstrong ma, mutum na farko da ya taka wata, a hanyarsu ta dawowa daga wata, ya ambaci littafin Verne a jawabin da ya yi wa duniya daga cikin kumbo.

Misalin da ya fi kowane nauyi shi ne na bam ɗin nukiliya, kuma yana da kyau a bi shi daki-daki domin ya nuna yadda ilimi ke kai-komo tsakanin ɗakin gwaji da teburin marubuci. A 1909 masanin sinadarai Frederick Soddy ya buga littafi don amfanin jama'a kan sinadarin radiyom da makamashin da ke ɓoye cikin ƙwayar zarra. Wells ya karanta shi, ya rubuta The World Set Free wanda ya fito a 1914, ya kuma sadaukar da shi ga littafin Soddy. A ciki ya kwatanta yaƙin da ake jefa bama-baman zarra daga jiragen sama suna hallaka birane. Leo Szilard, masanin fiziks ɗan ƙasar Hangari, ya karanta labarin Wells a 1932, shekarar da James Chadwick ya gano ƙwayar niyutiron. A watan Satumba na 1933, yana Landan, tunanin ya zo masa cewa idan niyutiron ɗaya ya bugi ƙwayar zarra ta saki biyu, biyun kuma suka saki huɗu, to abin zai ci gaba da ninka kansa. Szilard ne ya tsara wasiƙar da Albert Einstein ya sa wa hannu zuwa ga shugaban Amurka Roosevelt a 1939, yana kuma tare da Enrico Fermi lokacin da aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Cikago a Disamban 1942. Bam ɗin Wells bai yi kama da wanda ya faɗa kan Hiroshima a 1945 ba, domin nasa ci gaba yake da ci da wuta kwana da kwanaki, amma ya sa wa mutumin da ya dace tambayar da ta dace. Wannan ilimi ɗin ne, ta fuskarsa ta zaman lafiya, ke tafiyar da ƙaramar tukunyar bincike da ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Hujjar da za ka nema a wannan mataki ita ce maganar mai ƙirƙirar da kansa, a wasiƙa ko tarihin rayuwa ko hira, domin 'yan jarida na son ƙulla irin wannan alaƙa ko da babu ita. An daɗe ana cewa na'urar sadarwar da ke cikin shirin Star Trek na 1966 ce ta haifi wayar hannu da Martin Cooper na kamfanin Motorola ya fara kira da ita a 1973, alhali wayar cikin mota ta fara aiki a Amurka tun 1946, kuma injiniyoyin cibiyar bincike ta Bell Labs sun rubuta tsarin raba gari zuwa ƙananan yankunan sadarwa a 1947.

Kafin ka yaba wa marubuci kan abin da ya dace, ƙirga abin da ya kuskure a cikin littafin nan ɗaya. Maharbin da ya saki kibiya ɗari cikin duhun daji ɗaya ta sami barewa, barewar kawai zai shigo da ita gari, ba wanda zai tambaye shi sauran kibau. Fim ɗin da Clarke ya rubuta tare da Stanley Kubrick a 1968 ya nuna allon karatu mai kama da kwamfutar hannu ta yau, kuma wannan ake ta yaɗawa, amma ya kuma nuna mazaunin mutane a kan wata da tafiyar 'yan sama jannati zuwa duniyar Jupita a shekarar 2001, alhali tun Disamban 1972 babu ƙafar da ta sake taka wata. Wells ɗin da ya dace a kan bam shi ne ya rubuta injin tafiya cikin zamani a 1895 da wani ƙarfe mai kare jan duniya a 1901, kuma babu ko ɗaya da ya tabbata. Wani lokaci kuma dacen tsagwaronsa ne: marubuci Jonathan Swift ya ba duniyar Mars watanni biyu masu zagaya ta a 1726, masanin taurari Asaph Hall ya gano su biyun ne a 1877, amma tun kafin Swift akwai masu zaton haka bisa wani lissafi maras tushe, cewa tunda duniyarmu na da ɗaya, Jupita kuma an san ta da huɗu a lokacin, to ta tsakiyarsu sai ta sami biyu.

Akwai wani nau'in hange da masu yaɗa hotuna ba su cika kula da shi ba, kuma ni shi na fi girmamawa, wato hangen abin da na'ura za ta yi wa zaman mutane. A 1909 E. M. Forster ya rubuta gajeren labari kan mutanen da kowa ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa, yana magana da dubban mutane ta allo, har uwa ta ga ziyartar ɗanta ido da ido wahala ce maras amfani. Bai bayyana yadda allon ke aiki ba, amma duk wanda ya ga 'yan gida ɗaya zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i kowa ya sunkuya kan wayarsa, ya san abin da mutumin ya hango. Idan kana auna labari, ba wannan ɓangare maki mai yawa. Sai dai ka sani cewa marubuci al'ummarsa yake hangowa. Wanda ke zaune a Landan ko Kalifoniya ba shi da hanyar sanin cewa bayan shigowar GSM Najeriya a 2001 za a sami sana'ar masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, ko mai POS a ƙarƙashin lema a bakin Kasuwar Barci yana yin aikin da a da sai an bi layi a banki, ko makanikin Panteka da ke ɗaukar hoton ƙarfen da ya karye ya tura wa mai kaya a Legas kafin azahar. Wannan gibi marubutanmu ne kawai za su iya cike shi, kuma abin takaici ne yadda wannan fanni ya yi ƙaranci a adabin Hausa duk da yawan masu rubutu da masu karatu a intanet.

Wannan hanya tana aiki a kan labaran yau da ke magana kan gobe, sai dai a nan babu amsar da za a duba, don haka tambayar ita ce mene ne ya tare hanya. Idan dokar halitta ce da gwaji ya tabbatar sau da yawa, kamar cewa babu abin da ke wuce saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ko cewa inji ba ya fitar da makamashin da ya fi wanda aka zuba masa, to ka ɗauki labarin a matsayin wasan tunani. Idan kuwa cikas ɗin na kuɗi ne ko ƙarfin batir ko dokar hukuma ko amincin jama'a, kamar yadda yake ga mota mai tashi sama da mutum-mutumi mai aikin gida, to abin na iya zuwa, kuma abin dubawa shi ne ko akwai samfurin da ke aiki a wani wuri, da ko farashinsa na sauka shekara bayan shekara, da kuma ko wuta da hanya da masu gyara da yake bukata suna nan a inda kake. Jirage marasa matuƙa masu kai magani da jini asibitocin karkara sun cika waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa kamfanin Zipline ya iya fara aikinsu a jihar Kaduna a 2022. Ka kuma yi hattara da ɗaukar ra'ayin babban masani a matsayin dokar halitta. A watan Satumban nan na 1933, Ernest Rutherford, wanda ya gano cibiyar ƙwayar zarra kuma babu wanda ya fi shi sanin ta a zamaninsa, ya faɗa a bainar jama'a cewa neman makamashi mai amfani daga gare ta zancen banza ne, kuma rahoton wannan jawabi da Szilard ya karanta a jarida ne ya harzuƙa shi ya shiga tunanin da ya kai shi ga amsar. Saboda haka idan masani ya ce abu ba zai yiwu ba, ka nemi sanin wace doka ya dogara da ita da kuma wane gwaji ya tabbatar da dokar, sannan ka rubuta hukuncinka da kwanan wata ka ajiye, domin ka sake duba shi idan sabon gwaji ya fito.